Ƙullin Irin Gwaggo

A shekarar da iska ta kwashe rufin rumfar da muke karatun manya, ta kai shi har bakin kasuwar dabbobi, a wannan shekarar Gwaggo ta rasu. Iskar ta zo ranar Litinin, ita kuma ta cika ranar Alhamis bayan azahar. Tsakiyar bazara ce, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa ba ko ɗigo. Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyata, don haka in na ce Gwaggo, uwa nake nufi.

Ban daɗe da koyon rubutu ba. Sai da furfura ta fara fito mini sannan na riƙe bik, wato biro. Hannuna yana da nauyi, kafin in gama layi ɗaya wani ya sha fura har ya wanke ƙwarya. Amma na zaunar da kaina in rubuta wannan, don na ga abin da rashin rubutawa ya jawo mana, kuma ba na so ita ma a manta da ita.

Kwana uku muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Abin da na lura da shi, ba wanda ya zo ya tashi bai ambaci abinci ba. Mahaucin unguwarmu ya shafa addu'a, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan tsohuwa. Tun ina saurayi take zagin namana, wai ƙashi nake ba ta. Amma duk kaka sai ta aiko mini da kabewa wadda sai da hannu biyu ake ɗauka." Wani makiyayi da ke zuwa daga wajen Bader Gula, wanda yakan ɗaure raƙuminsa a gindin aduwar ƙofar gidanmu ranar kasuwa, shi ma ya zo gaisuwa. Da zai tashi ya ce, "Ni a gidan nan na fara yarda ganye abincin mutum ne."

A cikin gida kuwa, matar wanzami, maƙwabciyarmu, tsohuwa sa'ar Gwaggo, ita ta ɗaga murya tana kuka tana cewa, "Wayyo ni, to wa zai ba mu iri bana?" Na ji mata suna tsawata mata. "Haba Iya, a gidan mutuwa kike zancen iri?" Ni ma da na jiyo ta bayan danga raina bai so ba. Sai daga baya na gane duk cikinmu ita kaɗai ta faɗi abin da ke gabanmu.

Gwaggo tana da garka a bayan ɗakinta. Ba babba ba ce, taku goma sha biyar ne a tsawo, kewaye da darnin kara da ƙaya. Wanda ya san Dakoro ya san ba a wasa da ruwa. A gidanmu ƙasarin da aka wanke hatsi, da ruwan alwala, da ɗaurayar ƙwarya, duk a wata tsohuwar randa ake zubawa, na garka ne. In ta kama ka ka watsar da ruwa a ƙasa, sai ta ce, "Kai, miyar gobe ce ka zubar."

Irinta kuwa yana cikin wani tulu a ƙarƙashin gadonta. Ƙulli goma sha ɗaya ne, kowane a cikin tsumman tsohon zane, an barbaɗa masa toka don ƙwari. Kuɓewa kala uku, yakuwa kala biyu, kabewa kala biyu, sai lalo, da rama, da barkono, da gurji. Ba alama a jikinsu sai launin tsumman, kuma ita kaɗai ta san wane tsumma ne na wane iri.

Ranar da shamuwa ta fara sauka kan aduwa, ranar take fito da tulun. Bayan la'asar za ta tara mu a bakin garka, ni da matata da duk wanda ke gida, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki guntun kara ta fara zane. Ba daga ƙasa take fara lissafi ba, daga tukunya take farawa.

"To, mi za ku ci da rani?"

Za ta tuna wane ne zai yi aure, wane baƙo ne yakan daɗe, azumi a wane lokaci zai kama. Sannan ta ja layi. Kabewa a jikin darni, don ta hau rufin rumbu. Yakuwa a kewaye. Lalo inda ruwa ke kwantawa. Matata kowace shekara sai ta gwada sa'arta.

"Gwaggo, a bar mini ko taku biyu in sa tumatir."

"Tumatir ɗan birni ne, ɗiyata. Sha yake kamar raƙumi, ya haifi abin da bai kai ƙwan zabo ba. Bari sai sanyi, in kina da ƙarfin ɗaukar bidon ruwa."

Wata shekara na ga ta zana wa barkono wuri ninki biyu. Na ce, "Gwaggo, barkonon bana bai yi yawa ba?" Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Tambayi matarka." Matata ta rufe fuska da gyale ta gudu ɗaki. Haka na ji labarin cikin 'yar autarmu, daga zanen ƙasa. Yajin jego take shiryawa tun ni maigida ban san komai ba.

A wannan ranar ce kuma matan unguwa suke shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta ɗiba mata da yatsu uku ta ƙulle mata a bakin zane. In mace ta buɗe baki za ta gode, sai ta tare ta. "Kar ki gode mini. Ki maido mini da kaka." Kuma tana riƙe da su a kai. In kaka ta yi ba ki maido ba, za ta tare ki a bakin famfo gaban kowa.

Ƙulli goma kowa yana samu. Na goma sha ɗaya, mai baƙin tsumma, ba ta ba kowa. Jar kuɓewa ce, gajera, tsawon babban yatsa. Jikinta ja ne tun tana tsiro. Tana riga kowace kuɓewa haihuwa, daidai lokacin da busasshiyar bara ta ƙare, ana ta fama da miyar tafasa. Guda biyar sun isa su kama tukunyar gidanmu. Mahaifiyarta ce ta zo da irin daga ƙauyensu, can wajen Ajekoriya, tun Gwaggo tana goye. A kusurwar gabas take shuka ta, nesa da sauran.

"Kuɓewa ba ta da riƙon hali," in ji ta. "Ka ajiye ta kusa da wata, baɗi ta zama waccan."

Ta taɓa ba wata mata, matar ta shuka ta cikin koriyar kuɓewa, da kaka ta maido mata abin da ba ja ba kore ba. Tun daga nan ta rufe. Wannan ne faɗansu da matar wanzami, faɗan da ya girme ni a gidan.

"Marowaciya! Ƙwaya biyar na ce, ba saniya na roƙa ba."

"Ke da kike shuka kamar mai watsa wa kaji tsaba? Tahi can."

"To ki mutu da ita."

"In na mutu ki zo ki ɗauka."

Sai su yi dariya, Gwaggo ta zuba mata miyar a kwano ta tafi da ita. Miya tana bayarwa ga duk mai so. Irin jar ne ba ta bayarwa.

Miyar nan ba a kan katako take yanka ta ba. A tafin hannu take riƙe kuɓewar, ta tsattsaga ta da ƙaramar wuƙa, ta yanka kai tsaye cikin tukunya. Ba ta sa kanwa, ruwan tokar karan hatsi take tacewa da kanta. Daudawar batso ita ke yin abinta da 'ya'yan yakuwar garkarta. Barkono ɗaya, gishiri, sai ta kaɗa da maburgi ta sauke tun kuɓewar ba ta mutu ba. In makiyayin nan ya kawo man shanu, a ɗiga a kai. Ko nama babu, mutum sai ya suɗe kwano.

Ni kuma sunan da ta sa mini shi ne Sai-gobe. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ita ta ce haƙurina ya yi yawa har ya taɓa aiki. Daminarta ta ƙarshe, sau uku tana gaya mini darni ya buɗe ta gabas.

"Gobe, Gwaggo, in na dawo daga gona."

"Awaki ma sun ji ka ce gobe. Za su jira ka."

Ba su jira ba. Wata ranar kasuwa gida ba kowa, suka shiga, kuma kusurwar gabas suka fara samu. Da na dawo na tarar da ita tsugune a wurin. Duk jar kuɓewar sun cinye har kara, sai gindi ɗaya da ya faɗa cikin ƙaya, da 'ya'ya biyu a jikinsa. Ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Amma tuwona bai taɓa fashi ba, da kanta take rufe shi da faifai ta ajiye mini. Rana ta biyar ta kira ni ta nuna mini 'ya'yan nan biyu, ta ɗaure musu tsumma don tsuntsu.

"Waɗanga na iri ne. Bana ba wanda zai ɗanɗani ja, har ni."

Haka aka yi. Shekararta ta ƙarshe a duniya ba ta ci miyar mahaifiyarta ba, saboda ni. Da 'ya'yan suka bushe ta fasa su, ta tsince masu kyau. Ba su cika murfin kwalba ba.

Da sanyi ya shigo na fara zuwa karatun manya. Ta fi kowa murna, ko da yake da tsiya take nunawa. Ina dawowa za ta ce, "Ɗan lakol, mi mushe ya koya maka yau?" Lakol makaranta ke nan, mushe kuma malaminmu. Wata rana na rubuta mata sunan da muke kiranta a ƙasa da yatsa. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ni ce wannan? Ashe na rame." Washegari sai ta fito da tulun, ba lokacinsa ba. Ta jera ƙullin a kan tabarma.

"Ɗauko kayenka, littafin rubutun nan naka. Ka yago takarda, ka rubuta sunan kowane, a sa a cikin ƙullinsa. Idona ya fara yi mini gardama."

Na yago, na rubuta ɗaya. Haruffan suka fito wani ya hau wani, kamar sawun kaza. Na ji kunya. Na tuna ƙanwata da muke uba ɗaya, da ke aure a Maradi, wadda ta yi lakol, in ta zo ta gani za ta yi dariya. Na dunƙule takardar.

"Gwaggo, bari hannuna ya zauna tukuna. In mun gama littafin farko sai in rubuta miki mai kyau."

"Rubuta da karkataccen, Sai-gobe. Kabewa ba ta duba kyan hannu."

"Saura kaɗan, Gwaggo."

Ta dube ni, ta ce, "To." Ta mayar da su cikin tulu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sake tayar da maganar ba. Mun gama littafin farko kwana tara kafin iska ta ɗauke rumfar. Na ce in shamuwa ta zo aka fito da tulu sai in yi gaba ɗaya. Zazzaɓi ya riga shamuwa zuwa.

Bayan sadakar uku mata suka shiga gyaran ɗakinta, a wanke tufafinta a raba wa mabuƙata, kamar yadda aka saba. Ƙanwata ce a gaba, da wasu dangi da suka zo daga nesa. Matata tana can wajen daka da tukunyar baƙi. Da yamma na shigo cikin gida, sai na ga tsummoki an wanke an shanya a kan igiya. Na ƙirga, goma sha ɗaya. A ƙofar ɗakin ga faifai, an juye duk irin a ciki wuri guda, an rufe da ƙwarya don kar kaji su taɓa. Da kyakkyawar niyya suka yi. Na tsaya riƙe da igiyar nan, kukan da ban yi a makabarta ba a nan na yi shi.

Ido yana raba kabewa da barkono. Amma ba idon da zai raba ƙwayar jar kuɓewa da ta koriya, duk kamarsu ɗaya. Matar wanzami ta zo ta zauna gaban faifan tana juya shi da yatsa. Ta ce, "Ɗana, goma ba su ɓace ba, suna gidajen mutane. Tashi ka ɗauko takardarka." Ita ta yi mini jagora, tana dogara sanda. Farar yakuwa a gidan tela. Doguwar kabewa a wajen matar ladan. Kuɓewa mai ƙaho a gidan wata bazawara a bayan masallaci. Ko'ina muka shiga, mace za ta kwance ƙulli ta ɗiba mini, in na buɗe baki sai ta ce, "Kar ka gode." A tsaye nake rubutawa, kaye a kan gwiwa, haruffa a karkace, ban damu ba. Cikin kwana shida goma suka dawo, kowane da takardarsa.

Saura ja. Tunda ba ta gidan kowa, na ce lalle tana cikin faifan. Ni da matata muka tsince duk ƙwayar kuɓewa da ke ciki, ta kusa cika ƙaramar ƙwarya. Muka yanke shawara bana garka ta kuɓewa ce kaɗai, a shuka duka, wadda ta fito ja a tone na kusa da ita a bar ta. Matar wanzami ta ba da nata filin. Darni kuwa a rana ɗaya na sake shi, na ninka ƙaya, har hannuna ya yi jini.

Gwaggo ba ta taɓa ba ruwan farko irinta duka ba, rabi take shukawa ta riƙe rabi sai damina ta zauna. Haka na yi. Rabin farko ya tsiro. Kowace safiya bayan salla ina tsugune ina duba gindinsu ɗaya-ɗaya. Kore. Na ce tana cikin rabi na biyu. Da ruwa ya zauna muka shuka shi, ya tsiro ya rufe ƙasa. Matar wanzami takan shigo da hantsi, ta ɗaga ganye da bakin sanda. In na nuna mata wani da nake ganin kamar ya yi duhu, sai ta duƙa har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, ta ɗago ta ce, "Ba ita ba ce." Mun yi wata biyu a haka. Kuɓewa ta yi albarka, mun ci, mun shanya, mun raba wa unguwa. Ja ko ɗaya babu.

Da kaka ƙanwata ta zo ganin gida. Muna zaune a tsakar gida, matata ta fito da tulun za ta zuba sabon iri. Ƙanwata ta ga baƙin tsumman a ninke, ta ɗaga shi da yatsu biyu tana dariya.

"Yaya, har wannan kuka ajiye? Ai shi ba komai a cikinsa sai toka da 'yan ƙwayoyi. Ban ma sa shi a faifai ba, nan na kakkaɓe shi, kaji suka tsince."

Matata ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Sannunku da aikin ranar nan, kun sha wahala." Ƙanwata ta bar gidan nan tun tana yarinya, ina za ta sani? In wannan rubutun ya kai gare ta, ta sani ba na ganin laifinta. Ta iya karatu fiye da ni. Da ta kwance tsumman ta ga 'yar takarda a ciki, ko da sawun kaza ne, da ta tsaya ta karanta.

Na bi matan da ke kawo busasshiyar kuɓewa kasuwa daga wajen Ajekoriya, ina tambaya. Wata ta ce kakarta ta taɓa yin irinta. Wata ta ce in faɗa mata sunan ƙauyen. Gwaggo ta sha faɗa mini sunan, na tabbata ta faɗa. Ban riƙe ba.

Matata tana yin miyar yadda aka koya mata, da ruwan toka da daudawar batso, tana yankawa a tafin hannu. Tana da daɗi. Ranar da muka fara kai wa matar wanzami, ta ci loma biyu ta ce, "Hannu ya yi, ɗiyata." Sai ta ture kwanon ta ce, "Ta ce in ta mutu in zo in ɗauka. Ga ni na zo." Ta ja gyale ta rufe fuska.

Jiya shamuwa ta sauka kan aduwa. Matata ta share ƙasa a bakin garka, ta ɗauki kara, ta ce, "To, me za mu ci da rani?" Ta ja wa kabewa layinta, ta kewaye da yakuwa. Taku biyu na tumatir da ta yi shekaru tana roƙo, ba mai hana ta yanzu, amma ba ta zana ba. Da ta zo kusurwar gabas ta ɗaga karan ta wuce. Mata sun shigo, an ɗiba musu, an ce su maido da kaka.

Allah ya haskaka kabarin Gwaggo, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da ƙasar nan da ruwan alwalarta, ya yafe mini abin da na ja mata.

Ƙulli goma sha ɗaya ta bari. Goma sun dawo. Mun rasa jar kuɓewa. Mun rasa miyarta. Mun rasa sunan ƙauyen da aka ɗauko ta. Mun rasa mai kirana Sai-gobe. Baƙin tsumman yana nan cikin tulu, na rubuta masa takardarsa na sa a ciki, ba iri.